Kamun Kifi Da Gashin Zakara

Jama'a, wannan mako za mu ɗan bar gona mu gangara bakin ruwa. An gama girbi, ruwan koguna ya fara kwantawa, kuma wani akawu cikin masu karanta wannan fili ya rubuto da tambaya. Ya ce ya ga hoton wani Bature tsaye cikin rafi har gwiwa, yana kaɗa doguwar igiya bisa kansa kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero, aka ce masa wai kifi ya ke kamawa, kuma babu ko tsutsa a ƙugiyarsa. Yana so ya san ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, ta ina mutum zai fara.

Gaskiya ne, malam. Fatsa ce, amma ta bambanta da wadda muka saba. Mu a nan mu kan soka koto a ƙugiya, ko tana, ko fara, ko hanjin kaza, mu ɗaura 'yar dalma, mu wurga. Nauyin dalmar nan shi ke jan zaren zuwa tsakiyar ruwa. Su kuwa sai su yi wa ƙugiya ado da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya zaci abinci ne ya cafke. Turawa suna ce da wannan abu fulai, wato ƙuda, ko da ya ke wani ya fi kama da fara, wani da tsutsa, wani ma da ɗan kifi. Mu bari mu ce da shi ƙwaron gashi.

To, ɗauki gashin kaza guda ka wurga da iyakar ƙarfinka, ka ga inda zai faɗi. Ba zai wuce gaban ƙafarka ba. Haka ƙwaron gashi ya ke, ba shi da nauyin da zai kai kansa ko'ina. Don haka sai aka mai da nauyin cikin igiyar. Igiya ce mai kauri a ke kaɗawa, ta miƙe a iska kamar bulala, ta ɗauki ƙwaron ta ajiye shi bisa ruwa a hankali. Wanda ya riƙe wannan magana, cewa igiya a ke jefawa, sauran bayanin ba zai yi masa wuya ba.

Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, wani marubuci na Rum mai suna Iliyan ya ba da labarin masuntan ƙasar Makidoniya. Ya ce su kan naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashi biyu na ƙarƙashin maƙogwaron zakara, sandarsu ƙafa 6, igiyarsu ma ƙafa 6. A Ingila kuwa an buga wani ɗan littafin fatsa a 1496, wanda ya kawo ƙwari iri 12 da watan da a ke amfani da kowanne. Cikinsa har an koya wa mutum yadda zai lanƙwasa allura ta zama ƙugiya, da yadda zai tufka igiya da gashin wutsiyar farin doki. Ku lura da kayan: ulu, gashin zakara, allura, wutsiyar doki. Babu ɗaya da ba a samu a ƙauyukanmu.

Kifin da aka ƙago wannan fatsa dominsa shi ne tarawut, wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki, mai son ruwa garau mai sanyi. In zafin ruwa ya haura digiri 20 ya kan shiga wahala, in ya kai wajen 25 ya daɗe a haka sai ya mutu. Saboda haka kada wani ya yi ta nemansa a kogin Kaduna ko na Haɗeja. Abincinsa galibi ƙwari ne waɗanda su ke fara rayuwarsu a ƙarƙashin duwatsun rafi kamar 'yan tsutsotsi, sa'an nan su taso sama, su fasa fata, su yi fiffike su tashi. Daga nan ne aka sami ƙwaron gashi iri biyu manya, mai yawo a bisa ruwa da mai nutsewa. Mutanen Ingila sun yi shekaru suna gardama a kan wannan. Wani mai suna Halfod ya buga littafi a 1886 yana ɗaukaka mai yawo a sama, har mabiyansa suka ɗauki mai nutsewa abin kunya ga mutumin kirki. Wani lauya, Sikyus, ya amsa da nasa littafin a 1910, ya nuna kifin ya fi cin abincinsa a ƙarƙashin ruwa. Yadda ya tabbatar kuwa ya burge ni: in ya kama kifi sai ya zura masa ɗan siririn cokali har ciki, ya zaro abin da ya ci ya duba. Ni dai ina bayan lauyan. Manomin da ke son sanin ciwon dawarsa tsaga karan ya ke yi.

Yanzu sai maganar kaya, kuma nan ne kuɗin mutum ke iya salwanta. Kantunan Turai da Amurka cike su ke da kayan wannan fatsa, wata sanda ɗaya ta fi kuɗin bijimi. Mai koyo abu huɗu kaɗai ya ke bukata: sanda, da igiya, da abin naɗe igiyar mai kama da ɗan gare, da tsinkin roba marar launi da a ke ƙullawa a bakin igiya.

Igiyoyin suna da lamba. A 1961 masu yin kayan fatsa na Amurka suka shirya a riƙa auna ƙafa 30 na farkon igiya, a ba ta lamba gwargwadon nauyinta. Lamba 5 tana da nauyin kamar giram 9, lamba 8 kuwa giram 13 da rabi. Kowace sanda an rubuta mata lambarta kusa da mariƙi, kuma dole lambar sanda ta dace da ta igiya. In ka sa igiya marar nauyi a sanda mai tauri, sandar ba za ta lanƙwasa ba, jifa kuwa ba zai yi ba ko ka wuni. Abin da a kan ba mai koyo shi ne sanda mai ƙafa 9, lamba 5, da igiya lamba 5 mai yawo a bisa ruwa. Tsawon igiyar ya kan kai ƙafa 90. Garen naɗi kuwa sayi mafi araha, gama ga ƙananan kifi aikinsa ajiyar igiya ne kawai.

Tsinkin bakin igiya shi ke ɓoye wa kifi cewa akwai mutum a ƙarshen abin. Tsawonsa ƙafa 9, gindinsa da kauri, yana sirancewa har bakinsa. Ba sai ka saya ba. Nemi zaren roba na masunta iri uku a kasuwa, ka ƙulla ƙafa 4 na mai kauri, ƙafa 3 na matsakaici, ƙafa 2 na siriri. Wajen ɗaura ƙugiya, zura bakin zaren ta idonta, ka murɗa shi sau biyar a jikin ɗan'uwansa, ka komo da shi ta 'yar kafar da ke kusa da idon, ka jiƙa da miyau, ka ja a hankali har ya kame.

Wanda ba shi da halin sayen ko ɗaya cikin waɗannan, ga hanyar mutanen Japan. Masuntan duwatsun ƙasar suna da tasu fatsar, sunanta tenkara, wadda babu garen naɗi cikinta sam. Doguwar gora ce siririya, kamar ƙafa 12, da igiya daidai tsawonta ɗaure a kanta, da ƙwaro ɗaya. Da can su ma da wutsiyar doki su ke tufka igiyar. In za ka yi, sa gashi da yawa a wajen sanda, ka riƙa ragewa har ya koma uku ko huɗu a baki, domin ta yi nauyi a sama ta sirance a ƙasa. Mutanen da na Ingila sun fi son wutsiyar ingarma a kan ta goɗiya, wai fitsari yana rage wa ta goɗiya ƙarfi. Da irin wannan sanda ba za ka yi jifa mai nisa ba, amma ta isa ga ƙaramin rafi da bakin tafki, kuma da ita na fi so mai koyo ya fara kafin ya kwance bakin aljihunsa.

Jifa a tudu a ke koyonsa. Je filin makaranta ko masussuka da yamma, ka ƙulla ɗan guntun ulu a maimakon ƙugiya. Ja igiya ƙafa 25 ka shimfiɗa ta gabanka a miƙe. Riƙe sanda da babban yatsa a bisa, bakinta na kallon ƙasa. Ɗaga ta a hankali, kana ƙara sauri, ka tsai da ita cak sa'ad da ta ɗan wuce kunnenka. Igiyar za ta tashi ta wuce bayanka. Dakata kaɗan har ta miƙe sarai a baya, sa'an nan ka turo sandar gaba ka sake tsai da ita cak, bakinta na bisa tsayin kanka, ka bar igiyar ta miƙe ta sauka. Masu koyarwa su kan kwatanta da fuskar agogo, su ce sanda tana kai da komo tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2.

Dakatawar nan ita ce wuyar aikin. Kusan kowane mai koyo gaggawa ya ke yi. In ka ji igiya ta yi ƙara tas a bayanka kamar bulalar mai shanu, ka turo da wuri ke nan, kuma da ƙwaro ne a jiki da ya tsinke ya tafi. In ta faɗi ƙasa a baya, ka daɗe, ko ka kai sandar baya da yawa. Waiwaya ka dubi igiyarka, ba abin kunya ba ne. Kada ka sa ƙarfi irin na mai saran itace, sandar ce ke aikin. Rabin sa'a kowace yamma har mako biyu ya isa mutum ya riƙa sauke ulun cikin faifai a nisan ƙafa 30, kifi da yawa kuwa kusa da haka a ke kama su.

Sai ɗaurin ƙwaro, wanda ni a ganina ya fi daɗi, kuma aikin zaure ne, ana yi ana taɗi. Kayan aiki su ne almakashi ƙarami mai tsini, da zaren ɗinki mai ƙarfi, na siliki ya fi, da ɗan kakin zuma, da allura, da abin da zai riƙe ƙugiya kam. Akwai ɗan ƙarfen matsi da a ke sayarwa domin wannan, amma filaya da aka ɗaure hannuwanta da roba aka kafe ta a bakin tebur ta isa. Ƙugiyoyi ma suna da lamba, sai dai tasu a juye ta ke: lamba 16 ƙarama ce ƙwarai, lamba 8 ta fi ta girma nesa. Fara da 10 ko 12, don yatsunka su sami abin kamawa.

Ga wanda za ka fara da shi. Asalinsa daga arewacin Ingila ne, inda su ke yinsa da zare ruwan lemo da gashin wani tsuntsu ɗan'uwan makwarwa. Gashin makwarwarmu zai yi, haka kuma ƙananan gashin zabo masu zane, ko gashin kaza mai laushi. Matse ƙugiya ta wajen lanƙwasarta, gadon bayanta a kwance. Goga wa zaren kaki. Ɗora shi kaɗan a bayan idon ƙugiya, ka naɗa shi bisa kansa sau biyar har ya kama, ka yanke saura. Ci gaba da naɗi, kowane zagaye na manne da na gabansa, har ka kai daidai bisa tsinin ƙugiya, sa'an nan ka komo gaba haka nan. Jikin ƙwaro ke nan. Yi hankali da tsinin, shi ke yanke wa mai koyo zare. Ka tsaya da sauran ɗan fili kamar faɗin ƙwayar gero biyu kafin ido.

Ɗauki gashin, ka fige bururun gindinsa. Kama shi ta kai, ka shafa silinsa baya su miƙe, ka ɗaure ɗan kan nan a jikin ƙugiya da naɗi uku. Kama gindin gashin ka zagaya ƙugiyar da shi sau ɗaya, ko sau biyu in ya yi yawa, kana kwantar da silin baya da yatsun hagu. Danne shi da zare, yanke saura, yi ɗan kai da naɗi huɗu ko biyar, ka ƙulle da zarge uku. Ɗiga ɗan man farce marar launi a kan ƙullin da bakin allura, ka tsokace idon kada ya toshe. Shi ke nan, ka yi ƙwaro. In ya shiga ruwa silin nan za su riƙa buɗewa suna rufewa kamar ƙafafun abu mai rai.

Kuskuren mai koyo guda biyu ne kullum: cika gashi, da cushe ido har a rasa inda za a zura tsinki. Ƙwaron gaske siriri ne, duba shinge in ya faɗa kwano. Ɗaura irin wannan guda goma sha biyu kafin ka taɓa wani iri, ka jera su, za ka ga na ƙarshe ya fi na farko. In kana son mai nutsewa da sauri, bi dabarar Firank Soya, wani mai gadin kogin Ebon a kudancin Ingila, wanda ya bayyana ta a littafinsa na 1958. Shi bai sa zare ba ko kaɗan. Siririyar wayar tagulla ya naɗa, ita ce nauyi ita ce maɗauri, ya rufe ta da 'yan silin wutsiyar wani tsuntsun daji. Irin wayar nan tana nan cikin tsohuwar fanka ko rediyo a wurin masu gyara.

Kada kowa ya ruɗe ka da cewa sai gashin tsuntsu mai tsada. A zamanin Sarauniya Biktoriya attajiran Ingila sun yi ta ɗaura wa kifin salmon ƙwari da gashin tsuntsayen ƙasashe masu nisa, alhali kifin nan in ya komo kogi daga teku ba ya ma cin abinci. Son abin bai mutu ba. A 2009 wani saurayi Ba'amurke, ɗalibin kiɗa, ya fasa gidan ajiyar kayan tarihi na garin Tirin a Ingila, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, ya riƙa sayar wa masu ɗauri da gashinsu, har aka kama shi a 2010. Ga shi kuwa gashin zabon da matanmu ke sharewa su zuba a juji ranar Salla, a kantunan can ƙullawa a ke yi cikin 'yan ledoji ana sayarwa. In an yanka zakara, fige gashin wuyansa a bushe kafin a tsoma shi ruwan zafi, ka wanke da sabulu, ka shanya a inuwa, ka adana a gwangwani mai murfi saboda asu.

'Yan kasuwa kuma ga abin lura. A 1905 aka kai tarawut ƙasar Kenya, aka zuba a kogin Gura mai gangarowa daga duwatsu masu sanyi. Daga baya ɗaurin ƙwaro ya zama sana'a a ƙasar, har yanzu kuwa da yawa cikin ƙwarin da a ke sayarwa a Turai da Amurka a can a ke ɗaura su da hannu, ana lissafinsu dozin dozin. Sana'a ce da gurgu zai iya, mace a cikin gida ma za ta iya.

To, a ruwanmu fa? Sharaɗin farko shi ne kifi ya ga ƙwaron, saboda haka da damina, sa'ad da kogi ya yi ja da laka, ajiye sandarka ka kama fartanya. Daga kaka zuwa bazara ne lokacinta. Kawara tana cin ƙwari a bisa ruwa, ita ce ta fi dacewa da mai koyo. Karfasa ma ta kan karɓi ƙaramin ƙwaro mai nutsewa, in an ja shi a hankali kusa da ciyawa. Tarwaɗa kuwa ta fi dogara ga gashin bakinta da sansana, ita dai a ba ta koto. Tsage shi ne gwarzo. Masu wannan fatsa suna tahowa daga ƙasashe masu nisa da rani zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai kusa da iyakar Nijeriya, domin tsage da giwan ruwa, su kama su auna su sake su. Tsage yana son ƙwaro mai kama da ɗan kifi, wato dogon farin gashi a babbar ƙugiya, da sanda lamba 8 ko 9, da guntuwar waya kamar inci 4 a gaban ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa za su datse tsinkin nan take. Wannan ba aikin shekarar farko ba ne.

In ka isa bakin ruwa kada ka yi saurin jifa. Zauna minti goma ka duba. Juya dutse a gefen ruwa ka ga abin da ke manne a ƙarƙashinsa, dubi yanar gizo a ciyawa ka ga abin da ta kama, ka lura da inda ruwa ke yin 'yan zobba, nan kifi ke tasowa. Zaɓi ƙwaron da ya yi daidai da su a girma, launi ya biyo baya. Tafi a hankali, kada inuwarka ta faɗa bisa ruwa. A rafi mai gudu jefa a karkace zuwa ƙetare, ka bar ruwa ya kawo ƙwaron da kansa. Da ka ji an taɓa, ɗaga sanda kawai, kada ka fizga. Kifin farko da ka kai gida, tsaya a kansa sa'ad da a ke gyara shi, ka dubi cikinsa, ka ɗaura irin abin da ka gani.

Wani zai ce, wannan duk wahala ce, da birgi sau ɗaya sai a cika ƙwarya. Gaskiyarsa. Mai neman cefanen gida ko na kai wa kasuwa ya riƙe birginsa da kallinsa, wannan fatsa ba za ta ci da iyali ba. Amfaninta shi ne ba ta kashe 'ya'yan kifi barkatai yadda taru mai ƙananan idanu ke yi, ba ka yawon haƙar tana, kuma in kifi ya yi ƙanƙanta sai ka zare ƙugiya ka mai da shi ya girma, gama a leɓe ta kan kama shi.

Sauran gargaɗi. Ƙugiya tana wucewa kusa da fuskarka sau ɗari a wuni, saboda haka kada ka yi jifa ba tabarau da hula, ko malafa. Matse 'yar ƙayar ƙugiya da filaya ta kwanta, don in ta shiga kunne ko yatsa ta fita ba sai an je asibiti ba. Dubi bayanka kafin kowane jifa, yara su kan taru. Sandunan zamani na kanti wutar lantarki tana bin jikinsu, to, nisanci wayoyin wuta, in hadari ya taso kuma kwantar da sanda ka tafi gida. Baturen hoton nan yana tsaye cikin ruwa ne da dogon takalmin roba har ƙirji, kuma a rafinsa babu kada, babu dorina, babu tsargiya. Namu tafkuna da madatsun ruwa da yawa akwai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata ta ke shiga. Tsaya a gaɓa ko bisa dutse ko cikin kwalekwale. A Ingila sai da lasin a ke fatsa da sanda, kuma kowane kogi da mai shi. A nan ma ruwa da masu shi, je ka gai da Sarkin Ruwa ka nemi izini, ka tambaye shi inda aka hana su da inda kada ke kwana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar adana wake a rumbu.